Kantar da Ta Tsaya a Gungun Tsamiya

Ranar da Kawu ya rasu, masu gaisuwa sun kasu biyu. Wasu sun zo gida, suka zauna a tabarma, suka yi mana gaisuwa yadda aka saba: Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Wasu kuwa da aka dawo daga maƙabarta ba su biyo gida ba, sai suka zarce ɗakin karatun da ya riƙe shekara da shekaru a bayan kasuwar kifi ta Yelwa. Da la'asar aka zo aka ce mini, "Malama, mutane fa na can tsaye bakin laburare." Makulli yana hannuna, don haka na yafa mayafi na je na buɗe. Wallahi ko mutum ɗaya bai shiga ba. Masunta ne da manoman albasa da tsofaffin mata, Musulmi da Kirista da masu bin na gargajiya, duk sun yi cirko-cirko suna leƙen kantocin daga waje.

Wani masunci mai furfura, ɗiyarsa na tsaye a bayansa da goyo, ya ce, "Rufe abinki, Malama. Ba abin da za mu gani ciki yanzu." Na san bai faɗa don ya ci mini fuska ba. Amma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A gida, Inna ba ta yi kuka ba duk yinin, ga shi kuwa Kawu wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sai da aka miƙo mata tabaransa mai kauri aka ce ta adana. Ta juya shi a hannu, ta ce, "Shi ɗai ya rage wanda ya san inda anka haife ni." Daga nan ta fashe, mu ma muka fashe.

Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da shi rabi da rabi. In na yi shiru, nan da 'yan shekaru abin da za a ce shi ne an yi wani tsoho mai kaɗe wa littattafai ƙura. Akwai kuma laifin da na yi masa, wanda dangi suke ta lulluɓe mini da "ai ƙaddara ce". Ba na son lulluɓin. Ni na yi, da hannuna, kuma ina taƙama da takardar makaranta lokacin da nake yi.

An haifi Kawu da Inna a wani gungu, tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, wanda yau yake ƙarƙashin tafkin Kainji. Yana saurayi aikinsa kai wasiƙu da saƙonni a kwale-kwale, tun daga wajen Shanga har gangaren Ngaski. Babu gungu ko tungar da bai ɗaure jirgi ba. Ya san gidan da ake ba baƙo fura, ya san gidan da kare ke cizo. Da aka tare ruwa aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a tudu, sai aka cakuɗa su, baƙo ya zama maƙwabci, ɗan'uwa ya yi nisa. Kawu bai ƙara riƙe filafilin tuƙi ba. Da mutanen da aka tasa suka haɗa kai suka gina ɗakin karatu ciki ɗaya, shi suka ba makulli, tun muna ƙarƙashin Sakkwato, har aka yanke mana Jihar Kebbi yana nan.

Kantoci tara ne a ɗakin, kuma Kawu bai jera littattafansa yadda ake koyarwa a makaranta ba. Kogi ya jera. Kantar bakin ƙofa ita ce wajen Shanga, ta ƙuryar ɗaki ita ce Ngaski. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya, gangarawa kake yi, kana wuce garuruwan da ruwa ya ci, kowane a inda yake a da. Gungun da aka sani da albasa, nan littattafan noma suke. Tungar maƙera ta samu na kanikanci. Gungun da ya fara gina coci yana jingine da na babban malamin tsangaya, littafin waƙoƙin coci kafaɗa da kafaɗa da na fiƙihu, don a kogi ma haka suke, mai wanka a wannan mashaya yana jin tarin na waccan.

Tsakanin littattafan kuma akwai guntayen kwali da ya soka, kowane da zane a jiki: layi biyu da ɗigo, ƙafar tsuntsu, ƙugiya mai wutsiya. Shaidar gidaje ce. A da kowane gidan masu jirgi yana da zanen da yake yankawa a filafilinsa, don in ruwa ya kawo filafili babu mai shi, a san gidan da za a kai labari. Kawu ya zana su duka, ya ajiye kowane gida a gungunsa. Tsofaffin da ba su san ko bihim ba sukan zo ranar kasuwa su ce masa, "Kai ni gida." Sai ya kama hannun mutum ya ɗora a kan kwalinsa. A ɗan tsaya, a tambayi na kusa wane ne, a yi hirar wanda ya mutu da wanda ya koma Kaduna, sannan a koma cin kasuwa.

Yana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Wanda ya lasa yatsa zai buɗe shafi ya shiga uku. Wanda ya shigo da ƙullin soyayyen kifi kuwa, ko da babbar riga ya zo, waje zai tsaya ya cinye abinsa ya wanke hannu. Kuma ba ya miƙa wa mutum littafi. In ka ce kana son kaza, sai ya kai ka gaban kanta ya ce, "Shina nan wajen. Duba dama, duba hagu." In ka yi ƙorafi kana sauri, ya ce, "Wanda ka taho nema ai ka san shi. Gaida maƙwabcinai tukuna."

Masuncin nan mai furfura shi ya fi kowa sanin amfanin wannan magana. Yana sabon aure ya sayi tsohon injin jirgi, injin ya yi ta ba shi wahala, ya zo neman littafin gyara. Kawu ya tsayar da shi gaban kanta. A hannun daman littafin inji akwai na ungozoma mai hotuna, saboda a tungar da ke wurin, mutumin da ya fara ɗaura wa jirgi inji mijin ungozoma ne. Masunci ya buɗe don dai a bar shi ya tafi, sai ya ga hoton mai ciki da kumburarrun ƙafafu da fuska. Ya ce, "Kawu, ai haka matata take." Kowa Kawu yake ce masa. Kawu ya karanta shafin, ya rufe laburare da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya bi shi har gida suka ɗauki matar zuwa asibiti. Cikin nan shi ne ɗiyar da ta tsaya a bayan ubanta da goyo ranar rasuwa.

Kawu ne ya tura ni karatun aikin laburare, kuma ranar da na samu aiki a wata kwaleji sai da ya zaga kasuwa yana faɗa wa mutane. Jiharmu ba ta kai shekara ashirin ba aka kawo mana manhajar da ake zuba sunayen littattafai a intanet. A cikinta akwai wani abu da ya tafi da hankalina. In ka nemo littafi ɗaya, sai allon kwamfuta ya nuna maka kanta: ga bangon littafinka a tsakiya, ga na damansa, ga na hagunsa. Ka danna kibiya, kantar ta yi ta tafiya, kana ganin maƙwabta, ko da kana zaune a Legas. Ranar da na fara gani na ce da ƙarfi, "Kai! Wannan ai Kawu ne!" Na tuna 'ya'yan mutanenmu da suka watsu a duniya, na ce ga hanyar da za su shiga ɗakin Kawu daga inda suke.

Sai dai manhajar da lamba take jera littattafai, littattafan Kawu kuwa ba su da lamba. Ni kuma lambar da na sani ita ce ta makaranta: addini wuri ɗaya, noma wuri ɗaya, lissafi wuri ɗaya. Na kai masa maganar, ya ce, "Mi za a yi da lamba? Littafi ba fursuna ba ne." Na yi dariya, a raina na ce tsufa ne, in ya ga abin ya kammala zai sa mini albarka.

Da damina aka tafi da shi Sakkwato aikin yanar ido. Ya ba ni makulli ya ce, "Kaɗe musu ƙura, shi ke nan." Na ɗauki hutu, na kira abokan aikina mata biyu, muka sauke kantocin nan tara a ƙasa. Muka manna wa kowane littafi lamba, muka ɗauki hoton bangonsa, muka shigar a kwamfuta, muka mayar bisa tsarin makaranta. Kwalayen kuwa da yawa gara ta fara ci, ina tsoron ta shiga littattafai. Kada wani ya ce ban san ko mene ne su ba. Na sani sarai, tun ina yarinya nake ganin tsofaffi suna shafa su. Na dai ce ai Kawu yana da su a kai, zan sayo kati mai kyau ya sake zanawa. Na tara su a bayan ɗaki na kunna ashana, ko hotonsu ban ɗauka ba.

Aikin idon bai yi wani kyau ba, ya dawo yana ganin mutum kamar inuwa. Ni na riƙo hannunsa zuwa laburare, bakina har kunne. Yana shiga ya saki hannuna, ya taka kai tsaye zuwa kanta ta biyar, inda gungunsu yake, inda shaidar gidan ubansu take. Ya miƙa hannu, ya lalubo, ya zaro littafi ya auna kaurinsa.

"Wanga mi ne?"

"Lissafi ne, Kawu. Yanzu duk na lissafi suna nan wuri ɗaya. Bari ka ji abin da..."

"Ina kwalayena?"

"Gara ta ci su, na ƙone. Ga sabon kati na sayo, sai ka sake zanawa."

Na so ya yi faɗan nan nasa, ya zage ni, ya kore ni waje kamar mai ƙullin kifi. Bai yi ba. Ya mayar da littafin a hankali, ya ce, "Sau biyu ke nan ana cin garinmu. Na farko dai an yi muna gargaɗi, mun kwashe tukwane." Ya fita yana laluben bango, bai karɓi makullin ba.

Wata huɗu bai ce mini komai ba in ban da amsa gaisuwa. "Lafiya lau, Malama mai lamba." Tsofaffi suka zo sau ɗaya sau biyu, suka daina. Kantar kuwa tana can a intanet tana aiki tsaf, ka danna littafin inji, inji ne a dama, inji ne a hagu. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba. Inna ce ta gaji, ta je ta zauna a gabansa ta ce, "Yaya, ɗiyarka ce. Ta yi ɓarna, awo. In ba ka buɗe baki ba wa za ya gyara?"

A cikin watannin nan na gano abin da ya kamata in gano tun farko. Manhajar ba ruwanta da wace irin lamba ce, duk wadda ka ba ta ita take bi. Da na tambayi Kawu, da na bi jerinsa yadda yake na ba littattafan lamba ɗaya, biyu, uku daga bakin ƙofa, da kogin nan ya hau intanet ba tare da an taɓa ko kwali ɗaya ba. Aikin mako guda ne. Ranar da na gane haka na kasa cin abinci.

Muka fara gyara. Kowace Asabar da hantsi in je wajensa da kwamfuta da tire cike da yashi. Shi ya faɗi gungu da littattafansa, ni in ba su lambar kogi. Ya zana shaidar gida da yatsa a yashi, in ɗauki hoto da waya, in soka ta tsakanin littattafai a allo yadda kwalin yake a da. Kanta ta farko ta tafi kamar wasa. Har dariya ya yi, ya ce in karanta masa abin da ke dama da hagu, na karanta, ya ce, "To, akwatinki ya fara hankali." Ta biyu ta ɗauke mu wata biyu.

A ta uku abin ya tsaya. Sai in ce, "Kawu, bayan mai ƙafar tsuntsu wane ne?" Ya ɗaga hannu a iska yana tafiya da shi kamar mai shafa bayan littattafai, hannun ya tsaya a wuri ɗaya. Wata Asabar ya ce mini, "Ɗiyata, ashe ba kaina ya riƙe su ba, hannuna ne. Kwali ke kai ni ga littafi, littafi ya kai ni ga kwali na gaba." Na kai shi laburaren ko tsayuwa a wurin za ta taimaka. Hannunsa ya yi ta cin karo da baƙin littattafai, ya rikice, ya zauna a benci ya yi hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, kuma ni na jawo su.

Na bi tsofaffi gida gida, har Shanga, har ƙauyukan Ngaski. Kowa ya san gungunsa da na kusa da shi, daga nan sai gardama, wannan ya ce tunga kaza ce a sama, wancan ya rantse a ƙasa take. Mazan da suka yanka zanen a filafili kusan duk sun mutu, 'ya'yansu kuwa da fenti suke rubuta suna a jikin jirgi. Muka lallaɓa da ƙyar har ƙarshen kanta ta uku, wani gungu da ake kira Gungun Tsamiya. Kawu ya zana shaidar gida na ƙarshe a wurin, ya share hannunsa a riga, ya ce, "Bari sai wani mako." Ina tattara kaya ya ƙara da cewa, "Na yafe miki, kin ji? Kada ki ɗauke shi ki yi ta yawo da shi." Ranar Laraba ya cika. Kantoci shida suka tafi da shi, har da ta biyar, inda aka haifi Inna.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, wata tsohuwa ta tsaya. Kaka muke ce mata, Kirista ce, mai sayar da albasa, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta taɓa fashin zuwa wajen Kawu ranar kasuwa ba kafin ɓarnata. Ta ce, "Jikata, an ce kin sa kogi cikin talabijin. Kai ni gida."

Na so in ce wuta ta ƙare a kwamfutar, amma na ji kunyar yin ƙarya a gidan mutuwa. Na buɗe, ta matso har numfashinta yana taɓa allon. Na fara danna kibiya daga wajen Shanga. Littattafai suna wucewa ba ta kula su, amma da shaida ta fito sai ta ɗaga yatsa. "Ga gidan masu taru. Wuce. Ga na gurgun nan mai kiran sallah, Allah sarki. Wuce, wuce." Muryarta ta sake, har tana gyara zama. Da muka iso Gungun Tsamiya ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Nan muke sayen gishiri. Namu na gaba, ana zagaya dutse sai ki gan shi. Danna."

Na danna. Allon ya nuna kanta babu komai a kanta.

"Ƙara dannawa."

"Nan muka tsaya, Kaka. Bai kai ga naku ba."

Na jawo tiren yashin, wanda yake nan a gefen gadon Kawu ba wanda ya zubar, na ce ta zana mini shaidar gidan mijinta in sa mata yanzu yanzu. Ta dubi yashin, ta ɗora yatsa, ta ja ɗan layi, ta share. Ta sake ja, ta sake sharewa. Ta ce, "Mu mata ba mu yanka filafili. In na gan ta ina gane ta, ko cikin dubu. Amma ban iya yin ta ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa faɗansa, ya ba shi maƙwabta nagari dama da hagu, shi da ya ƙare rayuwarsa yana mai da kowa kusa da nasa. Ni kada kowa ya ƙara ce mini ba komai, akwai komai.

Kaka ta daɗe tana kallon kantar nan da babu kowa. Sannan ta ɗaure bakin zanenta, ta ce, "To, juya jirgin, jikata. Mai da ni Gungun Tsamiya in ɗan zauna. Daga can ana hango hayaƙin gidanmu."